Rigar bankwana: Ku san rigarku kafin ku sayi takardar buga zane

Duk shekara, da zarar 'yan aji shida sun fara ƙirga kwanakin da suka rage musu a jarrabawar WAEC da NECO, akwai wata magana da ke tasowa a bayan aji wadda ba ta cikin manhaja: maganar rigar bankwana. Wannan ya ce a yi baƙa, waccan ta ce fara ta fi domin a samu wurin sa hannu da maka, monita kuma ya ɗauko littafi ya fara rubuta sunayen waɗanda suka biya. Haka ake yi lokacin gasar wasanni ta gidaje, ko idan ƙungiyar muhawara za ta je wata makaranta. Kowa na so ya ga sunan ajinsu a ƙirjinsa.

Bara mu ma mun tsoma hannu a wannan harka, kuma ba mu shige ta da ƙafar dama ba. Mu uku ne, duka ɗaliban jami'a, muna ɗan taɓa zane a waya da PixelLab da Canva, muna yi wa abokai katin gayyata da makamantansa. Ƙanwar ɗaya daga cikinmu ce ta kai sunanmu ajinsu. Ta ce musu yayanta ya iya, kuma zai yi musu sauƙi fiye da masu shago. Suka tara kuɗin riga 36, suka zaɓi shuɗi mai duhu, suka damƙa mana. Zanen da suka amince da shi jar da'ira ce, da sunan aji da farin rubutu a cikinta, da tauraro ruwan ɗorawa a sama.

Muka sayo rigunan, muka biya ta wani shagon kayan kwamfuta muka ce a ba mu takardar buga riga, wadda 'yan kasuwa ke kira tiransifa. Yaron shagon ya ɗauko fakiti iri biyu ya faɗi kuɗin kowanne. Ba mu tambayi bambancinsu ba, shi ma bai ce uffan ba. Muka ɗauki mai araha muna murna mun rage kashe kuɗi. A daren nan muka buga zanen a takarda 36 cif, muka jera su a tabarma muna kallo, ja ya fito jawur, fari ya fito fat. Washegari muka kifa ta farko a kan riga, muka danna mata zafi, muka ɓare.

Farin rubutun babu shi, ya koma launin rigar. Jan ya zama wani abu tsakanin baƙi da ruwan ƙasa, tauraron kuma ya rikiɗe kore-kore mai datti. Daga nesa sai ka ce baƙin mai ne ya zube a rigar. Saura kwana tara bikin, ga kuɗin mutane a hannunmu, ga ƙanwarmu tana ta kira tana cewa, "Yaya, don Allah a turo mana hoton ko guda ɗaya mu gani."

Firinta ba ta da farar tawada

Abin da ba mu sani ba a lokacin abu ne mai sauƙi. Firintar gida ko ta shagon kwamfuta launi huɗu take da shi: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi. Daga waɗannan take haɗa duk sauran launukan. Fari ba ya ciki. Duk inda ka ga fari a hoton da aka buga, farin takardar kake gani, firintar tsallake wurin kawai ta yi. Su kansu launukan ba su da kaurin da za su rufe abin da ke ƙarƙashinsu, hasken farar takarda ne ke sa su fito da kyau. Saboda haka ne masu yin takardar tiransifa suka raba ta gida biyu.

Ta farko ta fararen riguna ce, da masu launi mai haske sosai irin su ruwan madara ko toka-toka mai haske. A fuskarta akwai wani siririn shafi na roba da ake gani ta cikinsa. Tawada na zama a kan wannan shafi, idan zafi ya taɓa shi sai ya narke ya kama zaren rigar tare da tawadar. Tunda ana gani ta cikinsa, launin rigar ne ke maye gurbin farin takarda. A kan farar riga abin ya yi daidai. A kan shuɗiya kuwa, abin da kuka koya a darasin zane ne zai faru: ruwan ɗorawa ya hau shuɗi ya ba da kore. Ita muka saya.

Ta biyu ta riguna masu duhu ce, baƙa, shuɗiya, ja, koriya. Shafinta fari ne mai kauri, ba a gani ta cikinsa. Wato tana zuwa da nata farin, ta shimfiɗa shi a kan rigar, zanen kuma ya zauna a kan farin. Ta fi tsada, kuma tana da nata hali. Duk wurin da ba ka yanke ba zai fito fari a rigar, don haka sai an bi gefen zanen da almakashi daidai-wa-daida. Da'ira ko murabba'i ba wuya. Rubutu zalla mai ƙananan haruffa kuwa, sai dai a sa shi cikin akwati mai launi, domin ba wanda zai zauna ya zagaye kowane harafi da almakashi a riga 36. Tana kuma da nauyi a jiki. Iska ba ta ratsa ta, idan aka cika gaban riga da ita aka fita da tsakar rana a watan Afrilu, gumi ne zai taru a ƙarƙashinta. Mu dai a ganinmu, kada zanen riga mai duhu ya wuce faɗin tafin hannu biyu sai da dalili.

Ana iya sa takardar riga mai duhu a kan farar riga ta yi aiki, sai dai an yi asarar kuɗi da laushin riga. Akasin haka ne ba ya yiwuwa. Kuma kada wani ya ce muku ja ko kore ai ba duhu ba ne. 'Yan jan gida da 'yan koren gida su lura: in dai zanenku na da fari ko wani launi mai haske a ciki, ta riguna masu duhu ce taku. Baƙin rubutu zalla ne kawai ke iya tsira a kan riga mai launi da takardar fararen riguna.

Sau da yawa a kasuwa ɗai-ɗai ake sayar da takardar, babu fakiti balle a karanta. Idan haka ta kama, ku sa farce a kusurwa. Ta riguna masu duhu za ta ɗago kamar sitika, ka ga farin shafi mai ɗan miƙewa ya rabu da takardar baya. Ta fararen riguna ba ta ɗagowa haka da sauƙi. Gefen da ke da layuka ko tambarin kamfani shi ne baya, a ɗaya gefen ake bugawa. Ku kuma roƙi mai shagon ya bar ku ku ɗauki hoton bayanin da ke jikin fakitin da wayarku.

Muka koma kasuwa, wannan karon da kuɗin aljihunmu, muka sayo ta riguna masu duhu. Nan ma sai da muka sake tuntuɓe. Takardar fararen riguna kifa ta ake yi a kan riga, fuska a ƙasa, don haka dole a juya zanen a kwamfuta kafin a buga, ya fito kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi, idan an kifa sai ya miƙe. Mun riga mun juya namu tun daren farko, sai muka bar shi haka. Ita kuwa ta riguna masu duhu ba a juya mata zane. Ana buga shi yadda yake, a yanke, a ɓare farin shafin daga takardar bayansa, a ɗora shi a riga fuska a sama, a rufe da takardar kariya mai santsi da ke zuwa cikin fakitin, sannan a danna. Takarda biyar muka ɓata kafin ɗayanmu ya ɗaga kai ya ce, to wai wannan ma kifa ta za a yi? Duk bayanin yana rubuce a 'yar takardar da ke cikin fakitin. Karantawa ce ba mu yi ba.

Wace firinta, wace tawada?

Bayan launin riga, sai firintar da za ta buga. Iri biyu ce: inkijet, mai fesa tawada mai ruwa, da leza, mai aiki da hodar da ake kira tona, irin ta injin fotokwafi. Kowace da takardarta, kuma a jikin fakiti ake rubutawa. Nan ba wurin gwaji ba ne. Firintar leza na da wani abin naɗi mai zafi a cikinta da ke gasa hodar a kan takarda, zafinsa na kusantar digiri 200 a ma'aunin Salshiyos. Shi kuma shafin takardar inkijet an yi shi ne don ya narke a irin wannan zafin. Idan aka zura ta a leza, a cikin injin za ta narke ta manne, kuma kuɗin gyara zai iya fin kuɗin rigunan gaba ɗaya. Wanda zai kai takardarsa shagon kwamfuta a buga masa, ya fara zuwa ya ga irin firintar da suke da ita kafin ya sayi takardar. Shagunan da ke buga takardun makaranta da fotokwafi galibi leza suke amfani da ita, wasu ma baƙi da fari kawai take bugawa.

A cikin inkijet ɗin ma tawada iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta narkewa yake a ruwa kamar sukari a shayi. Akwai wadda ake kira figment, wadda ƙananan ƙwayoyin launi ne ke yawo a cikin ruwan ba tare da sun narke ba, kamar gari a ruwan sanyi. Ta rini ta fi ɗaukar ido kuma ta fi araha, ita ce a mafi yawan firintocin gida. Matsalarta, abin da ya taɓa narkewa a ruwa zai iya sake narkewa.

Wannan karon mun yi hankali. Riga ɗaya tak muka buga, muka bar ta ta kwana, muka wanke ta da omo a bokiti kamar yadda kowane ɗalibi zai wanke tasa. Da muka ɗaga, jan da'irar ya ɗan zubo ya shiga farin rubutun, sunan aji ya koma ruwan hoda. Ba wata lalacewa ce ta a-zo-a-gani ba, amma wankin farko ke nan. Da a ce 36 muka buga muka raba, da sai bayan mako guda za mu ji labari, lokacin da babu sauran gyara. Muka kwashi sauran takardun muka nemi wani dattijo mai shagon buga riguna da ke da firintar figment. Ya karɓi rigar gwajin, ya murza zanen da yatsa, ya ce, "Samari, ai takardarku ba ta da laifi, tawadar ce." Ya buga mana a kan kuɗi kaɗan, ya kuma bar mu muka wuni a shagon muna kallon yadda ake yi.

Auduga ce ko roba?

Takardun nan biyu sun fi son auduga, ko gaurayen auduga da foliyesta. Foliyesta shi ne zaren robar da ake yin jesin ƙwallo da yawancin rigunan wasanni da shi. A kan jesi mai duhu akwai matsalar da ba a ganinta nan take: zafi na tayar da rinin jikin rigar ya ratso farin shafin, bayan 'yan kwanaki fari a kan jar jesi ya koma ruwan hoda. Zafin da auduga ke jurewa kuma zai iya bar wa roba tabo mai ƙyalli.

Jesi na da tata hanyar, sunanta sabilimeshan. 'Yan ajin kimiyya sun san kalmar daga darasin kemistiri: abu mai tauri ya zama iska kai tsaye ba tare da ya fara zama ruwa ba, kamar yadda kafur ke ƙanƙancewa a cikin akwatin kaya har ya ɓace ba a ga ya narke ba. Tawadar sabilimeshan haka take. A zafin da ya kai kimanin digiri 200, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, tana tashi daga takarda ta zama tururi, ta shige cikin zaren foliyesta, idan ya huce ta zauna a ciki. Babu wani shafi da ke mannewa a saman rigar. Ka shafa hannu ba za ka ji komai ba, ba ta tsagewa, ba ta ɓarewa, kuma wanki ba ya yi mata komai. Wanda ya taɓa mamakin yadda zanen jesi yake kamar a cikin yadin aka saƙa shi, to amsar ke nan.

Sai dai sharuɗɗanta ba sa sassauci. Rigar ta zama foliyesta, masu sana'ar kan ce aƙalla kashi 65 cikin 100, in so samu ne ma zalla. Ta zama fara ko mai haske, tunda nan ma babu farar tawada. Sannan sai da tawadarta ta musamman a firintar da aka keɓe mata, yawanci ƙirar Epson. A kan auduga zanen zai fito ranar farko, ya dusashe a wanki. Abin da ke rikita masu saye shi ne, ita ma takardar sabilimeshan a shago ɗaya ake ajiye ta da sauran, kuma ta fi su araha nesa ba kusa ba, domin ba ta da shafin roba, ɗaukar tawada kawai take yi. Wanda ya saye ta ya sa a firintar gida mai tawadar yau da kullum ya danna a riga, abin da zai samu bai wuce inuwa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ko a Kantin Kwari kuka sayi rigunan ko a kasuwar garinku, ku duba ɗan ƙyallen da ke wuya ko a gefen ciki, a nan ake rubuta kashi nawa ne auduga, kashi nawa ne foliyesta. Idan babu, akwai gwajin da teloli suka sani. A zaro zare ɗaya daga kalmasar ƙasa, a sa wani babba ya kusanta shi da ashana a waje. Auduga na ci kamar takarda, da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta na ƙanƙancewa ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Zare ɗaya muka ce, kuma ba a ɗakin kwanan ɗalibai ba.

Dutsen guga zai iya?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mana. Zai iya, idan riga ɗaya ce ko biyu, kuma da takardar da aka rubuta a fakitinta cewa ta yarda da dutsen guga. Abu uku ke manna zane: zafi, nauyi da lokaci. Injin danna riga, wanda ake kira hit-fires, yana ba da ukun a tare. Farantin wanda aka fi gani a shaguna na da faɗin kimanin santimita 38 ta kowane gefe, ana saita zafinsa da lamba, a saita daƙiƙoƙi, a kulle shi ya matse ko'ina daidai. Yawancin takardun auduga na neman tsakanin digiri 170 zuwa 190, na daƙiƙa 15 zuwa 30, amma kowane kamfani da nasa. Idan lambar fakitinku ta saɓa da tamu, ta fakitin za ku bi.

Dutsen guga kuwa zafinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina, yana da ramukan tururi da ba sa taɓa takarda, nauyin kuma na hannunka ne, wanda zai gaji tun a riga ta huɗu. Wanda zai yi da shi ya juye ruwan ciki ya kashe tururi, ya murɗa shi zuwa ɗigo uku, wato zafin auduga, wanda ke kaiwa wajen digiri 200. Ɗigo biyu 150 ne, ɗigo ɗaya 110, duka ba za su isa ba. A shimfiɗa rigar a kan tebur mai tauri ko faffaɗan katako da zani ɗaya a ƙasa, ban da katifa ko darduma mai lotsawa. A danna da hannu biyu da nauyin jiki, wuri bayan wuri, a bi gefuna da kusurwoyi sosai domin daga nan ɓarewa ke farawa. Na gawayi kuwa, mun san akwai gwanayen wanki da guga da ke gane zafinsa da yayyafin ruwa, amma ba shi da ma'auni, ga toka ga tartsatsi. Kada ku gwada shi da rigar wani.

Shi ma hit-fires ba kowane gida ne zai ɗauke shi ba. Mai wannan girman na jan wat 1,400 ko fiye, ƙaramin janareton nan na shagon aski da bai kai wat 1,000 ba ko motsa shi ba zai yi ba. Ba sai kun sayi inji ba, masu shago da dama na karɓar kuɗin dannawa kawai a kan kowace riga. Haka muka yi.

A shagon dattijon nan muka ga ana danna rigar ita kaɗai na daƙiƙa biyar kafin a ɗora zane. Dalili, danshin da ke jikin yadi na zama tururi a ƙarƙashin zanen ya hana shi kamawa. Ana kuma kakkaɓe ƙura da ɓurɓushin zare, musamman da hunturu, domin duk abin da ya shiga ƙarƙashin shafin ya shiga ke nan. Ku duba kuma ko takardarku da zafi ake ɓare ta ko sai ta huce. Wanda ya yi akasi zai ga rabin zane a riga, rabi a takarda. Takardun da suka rage a mayar da su ledarsu a rufe, domin wadda ta sha danshin damina tawada bajewa take a kanta.

Masu tarbar baki

Takarda komai kyanta ba ta gyara mummunan hoto. WhatsApp na matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto. A fuskar waya ba za ka gane ba, sai an buɗe shi a faɗin takardar A4, santimita 21 da 29.7, ka ga gefen haruffa kamar haƙorin zarto. Ku tura shi ta wurin tura fayil, ko ku kai shi a filashi.

Sai kuma matsalar da mu masu rubutu da Hausa muka fi kowa sani: ƙ da ɗ da ɓ. Ba kowane salon rubutun kwamfuta ne ke da su ba. Ka rubuta "Ɗalibai" ko "Ƙwazo" a wayarka lafiya lau, a buɗe a kwamfutar shago, harafin farko ya koma ɗan akwati, ko kuma mai shagon ya cire lanƙwasar don ya huta. Ku yi tunanin kwamitin bikin yaye ɗalibai sun tsaya a ƙofa da riguna an rubuta "Masu tarbar baki" maimakon baƙi. Ku mayar da zanen hoto ko PDF kafin ku kai, yadda ba abin da zai motsa, kuma mutum uku su karanta shi harafi-harafi. Idan za a jera sunayen 'yan aji a bayan riga, kowa ya duba nasa ya sa hannu a takarda, domin wanda aka rubuta masa Aishatu alhali Aisha take so, ko aka manta sunansa gaba ɗaya, ba zai saurari uzuri ba. Bajon makaranta kuma ba na aji ba ne, a nemi izinin shugaban makaranta kafin a buga shi.

Wani aikin ma ba na takarda ba ne

Idan zanenku launi ɗaya ne ko biyu kuma rigunan sun kai ɗari, ku tambayi kuɗin bugun sikirin. Sau ɗaya ake biyan kuɗin shirya allon, don haka yawan riguna na rage kuɗin kowace, kuma yana jure wanki. Suna da lamba a bayan jesi aikin fileks ne, wata roba mai launi da inji ke yankawa a danna. Akwai kuma DTF da ya bazu a 'yan shekarun nan. Ana buga zanen a kan wata leda ta musamman da firinta mai farar tawada, a barbaɗa garin gam a gasa, sannan a danna a riga. Yana hawa auduga da foliyesta, fara da baƙa, kuma babu zaman almakashi. Firintarsa ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, amma a manyan garuruwa akwai shagunan da ke buga maka ledar su sayar maka. Maganar gaskiya, da mun san shi bara, da shi za mu yi wa shuɗayen rigunan nan. Takardar tiransifa ta fi dacewa da aiki kaɗan, ko hoto mai launi da yawa, ko inda kowace riga ke da nata hoton daban.

Ko wace hanya kuka zaɓa, monita ya sa kuɗin riga biyu da takarda biyar na gwaji a cikin lissafi tun farko, ya kuma faɗa wa aji dalili. Ku fara da wuri yadda za a samu kwana uku na bugawa da wankewa da shanya riga ɗaya kafin a taɓa sauran.

Namu rigunan sun isa ajin saura kwana biyu biki. Ribar da muka yi ta lissafi ta tafi a fakitin farko, har da ciko daga kuɗin abincinmu na makon. A cikin ledar kowace riga muka saka 'yar takarda muka rubuta: kada a wanke sai bayan awa 24, a juya cikinta waje, a wanke da ruwan sanyi, ban da bilic, ban da jiƙawa ta kwana, kada a cuɗa zanen ko a murɗe shi, a shanya a inuwa, guga kuma ta baya, kada dutse ya taɓa zanen. Wasu sun bi, wasu ba su bi ba. Ta ƙanwarmu har yanzu ana karanta sunan ajin sarai, sai 'yar tsaga a gefen tauraron.

Rigar farko da ta lalace tana nan a wurinmu. A kanta muke gwada duk sabuwar takardar da muka sayo, gabanta ya cika, yanzu mun koma baya.